Littafin tsallen sanda na Auta, daga damina zuwa kaka

Asabar 2 ga Agusta 2025

Bismillah. Zan riƙa rubuta komai a nan saboda kar in manta abin da muka kashe da abin da muka koya. Auta ɗan yayata ne, shekararsa 15, tsayinsa mita 1.68, nauyi kilo 54, bahago ne kuma. Tun bara da ya ga bidiyon Armand Duplantis a wayata yana haye mita 6.25 a Olamfik na Paris yaron nan bai bar ni na huta ba, kullum Kawu yaushe za mu gwada, Kawu ai ko da gora ne. Ni dogon tsalle na yi a makaranta kuma wasanni nake koyarwa, amma tsallen sanda ban taɓa yi ba ko sau ɗaya, don haka tare za mu koya, shi da jiki ni da ido da karatu.

Maganar gora da yake yi ba shirme ba ce. Kafin sandar ƙarfe da ta faiba su fito da gora ake wannan wasa, wani Ba'amurke Cornelius Warmerdam ya haye 4.77 da gora a 1942 kuma a kan garin katako yake dira ba katifa ba, sai da aka yi shekara 15 kafin a karya masa. To mu da ko mita 3 ba mu nema yanzu me zai hana.

Fili: kangon bayan gidanmu, na auna da tef ya ba ni mita 27. Doka ta ce hanyar gudu ta kai mita 40 aƙalla, faɗi 1.22, amma ɗan koyo taku 4 zuwa 8 yake buƙata, ya ishe mu.

Talata 5 ga Agusta

Kasuwar katako. Gora 4, kowace ₦2,500, keke ya kawo a ₦2,000. Mai sayarwa ya so in ɗauki gwangwala wai ta fi sauƙin ɗauka, na ce a'a, gwangwala cikinta kamar soso yake, rufin ɗaki aka san ta da shi ba ɗaukar mutum a sama ba. Mun yanka kowace gora a mita 3.60, muka goge gaɓoɓin da sanfefa saboda sartse.

Asabar 9 ga Agusta

Yashi ₦40,000, garin katako buhu 20 a ₦400 ɗaya. Jimilla zuwa yau ₦60,000. Yaran unguwa sun taya mu bazawa, an biya su da rake.

Yau riƙo kawai da tafiya da sanda. Duk bidiyon da nake da shi na masu hannun dama ne, sai na riƙa juya komai a kaina: shi hannun hagu ne a sama, sanda a gefen hagu, da ƙafar dama zai tashi. Sau uku ina gyara masa abu ashe ni ne na juya, shi daidai yake.

Talata 12 ga Agusta

Da daddare Auta ya shigo da gudu wai, Kawu, an sake karya tarihin duniya. Duplantis ya yi 6.29 a Budapest. Santimita ɗaya-ɗaya yake ƙarawa kamar yadda Sergey Bubka ya riƙa yi a zamaninsa. Mu kuma yau muka fara dasa gora a cikin yashi daga taku 2, a rataya a wuce gaba a dira da ƙafa biyu. Ya riƙe a mita 2.50. Sau 30 ya yi, tafin hannunsa ya yi bororo biyu.

Alhamis 14 ga Agusta

Akwatin dasa sanda. Na kai wa kafinta zane, tsawo mita 1, bakinsa santimita 60, yana tsukewa zuwa 15 a ƙarshe, zurfi 20, allon ƙarshen kuma ba a miƙe yake ƙyam ba, ya ɗan kwanta baya digiri 105 don sanda ta samu wurin juyawa. Ya ce Malam wannan kwamin dabbobi ne ko me. Da na nuna masa bidiyo sai ya ɗauki abin da gaske har ya ba da shawarar a shimfiɗa falle na kwano a ciki kar katakon ya ci. ₦11,000. Robar gicciye, wadda ake hayewa, da tef na naɗe gora ₦3,000.

Lahadi 17 ga Agusta

Gora ta farko ta tsage. Alhamdulillahi a ƙasa-ƙasa ne, yana taku 4, na ji ƙara kamar an karya rake, ya faɗa yashi a zaune ba abin da ya same shi. Da na duba sai na ga laifina ne, gorar ɗanya ce aka sare ta ba a daɗe ba, mun jingine ta a rana kwana goma sai ta bushe ta waje da sauri ta yi 'yar tsaga a tsaye tsakanin gaɓa ta uku da ta huɗu, ni kuma na naɗe wurin da tef ban duba ƙarƙashi ba. Ta biyu ma da na kankare tef ɗin na samu ƙananan huji da gari-gari na fita, ƙwaro ya shiga. Saura biyu.

Wani tsoho maƙwabcinmu da ya yi aikin rufi shekaru ya ce gorar da aka sara da damina ruwa ne cike da ita, ta rani ake nema wadda ta yi ruwan ƙasa-ƙasa, a ajiye ta a inuwa a kwance, in za a gasa a gasa sama-sama ana juyawa. Dokar da na kafa daga yau: kafin kowane atisaye ni da kaina zan bi gora gaɓa-gaɓa, in jingina ta da bango in danna da nauyina, ni kilo 78 ne, in ta ɗauke ni za ta ɗauke shi.

Laraba 20 ga Agusta

Ruwa tun asuba. Ba a yi komai ba sai lilo a igiyar da muka ɗaura a bishiyar darbejiya, da tsayuwa da hannu a jikin bango.

Asabar 23 ga Agusta

Mai walda ya kawo turaku biyu, bututun ƙarfe mita 3.50 da huji kowane santimita 5, gindin tsohon rim ɗin mota. ₦26,000. Mun cika ₦100,000 cif.

Soso kuma shi ne babban kuɗi. Katifar gasa ta gaske mita 6 ce a kan 6, kaurinta santimita 80, wannan ko mafarkinta ba na yi. Gutsattsarin soso na saya wurin masu kujeru ₦55,000, buhuna da ɗinki ₦6,000, tsofaffin tayoyi 12 a ƙasa ₦6,000. Abin ya ba mu wajen mita 3 a kan 3, kauri ya kai gwiwa. ₦167,000.

Karo na farko da roba a gicciye: 1.80 ya wuce, 1.90 ya wuce, mita 2 ya ɗauke ta da ƙirji sau uku. Ya yi murna sosai, ni ma haka, har da kiran Yaya a waya.

Talata 26 ga Agusta

Jiya da dare aka yi ruwan da ban ga irinsa ba bana. Na rufe soson da ledar da muke shanya masara, iska ta yaye ta tun farkon dare. Da safe kowane buhu sai mutum biyu sun ɗaga, soso ya sha ruwa ya ƙoshi, garin katako ya zama kunu, akwatin dasawa ya zama rijiya har da kwaɗo a ciki. Mun farke buhu 14 muka baza a kan kwano da katanga muna matsewa da ƙafa, kuma rana ta ƙi fitowa. Abin da ya fi ci mini rai tamfol ɗin da na ƙi saya ranar Asabar saboda ina ganin ₦16,000 ta yi yawa, yau na je na saya a kuɗin nan dai. ₦183,000. Na huda ƙasan akwatin na haƙa 'yar magudana a gefe na zuba tsakuwa.

Asabar 30 ga Agusta

Wannan ranar ba na son rubuta ta amma dole.

Soson bai gama bushewa ba, buhu 9 kawai muka mayar, na jera su na ce za mu yi ƙasa-ƙasa. Auta ya haye mita 2 a gwaji na biyu, ya ce Kawu a ƙara, na ƙara zuwa 2.10, kuma na bar shi ya matsar da riƙonsa sama da tafi guda, zuwa 2.90, a rana ɗaya na canja abu biyu. Ya zo da gudu, takunsa na ƙarshe ya shige ciki sosai, maimakon ƙafar tashi ta kasance daidai ƙarƙashin hannun sama sai ta wuce gaba da kusan taƙi biyu, gorar ta fizge shi, ba ta miƙe tsaye ba ta karkata dama, ya sauko da ƙafa tsakanin buhu biyu, idon sawun dama ya lanƙwashe. Ƙarar da ya yi har yanzu tana kunnena.

Maƙwabta suka ce a kai wa mai ɗori, na ce sai an yi hoto tukuna. Asibiti suka ce ba karaya, targaɗe ne, a ɗaure a sa ƙanƙara a ɗaga ƙafar, sati uku ba gudu. Hoto da magani ₦14,000. ₦197,000.

Yaya ta zo da magariba. Ba ta ɗaga murya ba, da ma ta yi faɗan da ya fi mini sauƙi. Cewa ta yi, na ba ka yaro da ƙafa biyu. Na ce Yaya laifina ne ba nasa ba, ki yi haƙuri. Ta ce a kwashe kayan nan. Ban yi musu ba.

Laraba 3 ga Satumba

Kumburi ya fara sauka. Na zauna na kalli bidiyon faɗuwar a hankali ya fi sau 20. Kurakurai uku ne kuma duk nawa: rata tsakanin buhuna, ƙara riƙo ba tare da na ja alamar fara gudu baya ba, da barin sa yana dira da ƙafa a kan abu mai laushi. A yashi da ƙafa ake dira, a katifa da baya ake faɗawa, ni ban raba masa biyun ba.

Litinin 8 ga Satumba

An koma makaranta. Yana ɗingishi kaɗan. Ba maganar tsalle.

Litinin 15 ga Satumba

Gasar duniya a Tokiyo, da rana aka nuna a nan. Na ɗauko shi daga makaranta muka wuce gidan Yaya muka kalla a wayata, ita tana tankaɗe a gefe wai ba ruwanta. Tobi Amusan ta ci azurfa a gudun tsallake shinge na mita 100, muka yi ihu. Sai aka dawo kan masu sanda. Emmanouil Karalis na Girka ya haye mita 6 ya yi na biyu, Kurtis Marschall na Ostireliya 5.95 na uku, Duplantis ya riga ya ci zinare ya ce a sa 6.30. Ya zubar sau biyu. Na uku sandar gicciyen ta yi rawa ta zauna. Karo na 14 ke nan yana karya tarihin duniya. Ina juyowa na ga Yaya ta ajiye rariya tana leƙe.

Ta tambaya shi wannan uwarsa ta bar shi? Na gaya mata abin da na sani, an haife shi a 1999 a Lafayette ta jihar Luwiziyana a Amurka, babansa Greg ɗan tsallen sanda ne da ya taɓa haye 5.80, mamarsa Helena 'yar Suwidin ce 'yar wasan guje-guje da tsalle-tsalle, shi ya sa yake wa Suwidin wasa, su biyun ne masu horar da shi, kuma a bayan gidansu suka yi masa wurin tsalle tun yana ƙarami. Yana da shekarun Auta, 15, ya ci gasar matasa ta duniya a Cali ta Kolombiya da 5.30. Ta ce to shi ubansa ya san abin, kai fa? Gaskiya ta faɗa. Na ce zan nemo wanda ya sani. Ta ce in ka nemo ka dawo mu yi magana.

Asabar 20 ga Satumba

Na nemo. Wani abokin aikina ya haɗa ni da wani dattijo tsohon mai horarwa da ya yi gasar wasanni goma a ƙuruciyarsa, tsallen sanda shi ne na takwas a cikinsu, rana ta biyu. Kuɗin mota zuwa da dawowa ₦7,000. Na yi awa uku a gidansa, na nuna masa bidiyoyinmu, bai ce komai ba sai da ya gama kallo, sannan ya ce ɗana kun fara daga sama ne, wannan wasan a ƙasa ake yin sa. Nufinsa gudu da dasa sanda. Ya ce ƙarfin da ke kai mutum sama daga gudun yake fitowa, sanda juya shi kawai take yi, wanda gudunsa ba daidai ba ko sandar zinare ka ba shi ba inda za shi. Nan na tuna Duplantis ya yi mita 100 a daƙiƙa 10.37 a Zurich bara da suka yi tsere da Karsten Warholm, ashe ba wasa ba ne, asalin abin ke nan.

Abin da Baba, wato dattijon nan, ya ba ni: sati biyu ba gicciye kwata-kwata. Gudu da sanda a fili, a shimfiɗa tawul a ƙasa a matsayin akwati, ya riƙa tura shi da bakin gora, hannun sama ya miƙe sosai kafin ƙafa ta bar ƙasa. A ƙirga takun ƙafar tashi kawai, a sa alama da toka, ni in tsaya a gefe in ga inda ƙafar ta sauka kowane zuwa in rubuta. In an ƙirga takun ƙafa biyun, manya taku 18 zuwa 20 suke yi, shi kar ya wuce 8 bana. Riƙo ba ya ƙaruwa sai yana faɗawa tsakiyar katifa sau goma a jere.

Ya shiga ɗaki ya fito da wata tsohuwar sandar faiba mita 4, zuciyata har ta buga. Amma da muka goge ƙurar sai ga wani zane mai zurfi a tsakiyarta, ya ƙwanƙwasa da tsabar kuɗi sautin wurin ya bambanta, ya ce wannan ta mutu, faiba in ta samu rauni fashewa take yi gutsi-gutsi lokacin da ta lanƙwashe, ko ƙusar takalmi ta isa ta kashe ta. Ya nuna mini lambar nauyi da ake rubutawa a samanta, wanda ya fi lambar nauyi ba ya hawa. Ya ba mu ita don gudu da ɗauka kawai, ya sa na yi alkawari. Sabuwa da na duba a intanet ɗaruruwan daloli ce, kafin a zo maganar yadda za a shigo da abu mai tsawon mita 4.

Lahadi 21 ga Satumba

Baba ya yi magana da Yaya a waya. Ta yarda da sharaɗi biyu, ba ranar makaranta sai Laraba, kuma in ya sake jin ciwo an gama. Na ɗinke buhunan duka a jikin juna da igiyar buhu, na shimfiɗa tsofaffin katifu biyu na gida a sama, tamfol a kai, ba sauran rata. Buhu biyu a gefen akwati hagu da dama. Gorar rani 3, ₦9,000. Jimilla ₦213,000.

Laraba 24 da Asabar 27 ga Satumba

Tawul da toka. Laraba cikin zuwa 20, sau 7 kawai ƙafarsa ta taka alama. Asabar 13. Ya gaji da abin, ya ce Kawu wannan ai ba tsalle ba ne.

Laraba 1 ga Oktoba

Hutu. 17 cikin 20. Faɗuwa da baya a katifa daga kan benci, sau 15. Ƙafa lafiya lau.

Asabar 4 ga Oktoba

Na shirya masa gasa irin ta gaske shi kaɗai, bututun roba ₦3,500 a madadin roba mai talewa, don ita robar tana yafe kuskure, bututu kuwa ka taɓa ya faɗo. Gwaji uku a kowane tsayi, ka zubar uku a jere ka fita. Yaran unguwa sun cika katanga. Na ce ya fara a mita 2, ya ce 2.20, na bar shi ya zaɓa don zaɓen inda za ka fara yana cikin gasar. Ya zubar duka ukun. Na farko ya tsaya bai tashi ba ya taɓa katifa da gora, sauran biyun ido na kan yara ba kan akwati ba. Ya je bayan darbejiya ya zauna yana share ido.

Na bar shi ya huce sannan na ba shi labarin Bubka. Mutumin da ya fara haye mita 6 a Paris a 1985, ya ci gasar duniya sau shida a jere daga 1983 zuwa 1997, ya karya tarihi sau 35, amma a Olamfik na Barcelona a 1992 ya zubar da gwajinsa uku ya fita ba tsayi ko ɗaya a sunansa, zinaren Olamfik ɗaya tal gare shi na Seoul 1988. Auta ya ce da gaske? Na nuna masa. Ya ce to mu a Afirka wa ya fi? Na ce Okkert Brits na Afirka ta Kudu, 6.03, tun 1995. Ya yi shiru yana lissafi, shekara 30 ke nan.

Laraba 8 ga Oktoba

Taku 6, ba gicciye. Goma a jere tsakiyar katifa. Riƙo ya koma mita 3, alamar farawa ta ja baya daidai da haka, na auna sau biyu.

Asabar 11 ga Oktoba

Gasa ta biyu, taku 8. Da kansa ya ce a fara a mita 2. Ya haye 2.00, 2.15, 2.30 duk a gwajin farko, 2.40 a na biyu, 2.50 a na uku, bututun ya yi rawa bai faɗo ba. 2.60 ya zubar sau uku, na ƙarshen da hannu ya taɓo shi yana saukowa, bai tura gorar baya da wuri ba. Yaya tana bakin ƙofa tun daga 2.30.

Na tura wa Baba bidiyo, ya ce ƙafar lilo tana naɗewa da wuri, a koma igiya. Ya kuma ce katifarmu iyakarta 2.80, daga nan sai wurin da ke da ta gaske, yana tambaya mana inda za a bari mu shiga ko sau biyu a wata ne. Kuɗi zuwa yau ₦216,500. Na fara ware ₦10,000 duk wata saboda sandar faiba. Sati mai zuwa igiya da gudun mita 30, sai gyaran turken hagu da ya fara karkata, mai walda ya ce in kawo Talata.